Shaidun Auren Yaya

Ranar da motocin rusau suka hau dutsenmu na Nakkasa, a nan Makka, mata sun yi ta kuka, ni kuwa ko ƙwalla ban yi ba. Me zan yi wa kuka? Dutsen nan shi ya cinye mini gwiwoyi. Tun ina budurwa nake hawansa da jarkar ruwa a ka, ina tsallake kwatar da ke gangarowa ta tsakiyar matakala, ina kauce wa kuliyoyin da suka ƙoshi da shara har ba sa tsoron mutum. In rana ta take, warin lungunan nan sai ya biyo ka har cikin kwanon tuwo. Na ce a rushe, mun gode, na ɗaure kayana na sauka. Ban san cewa auren yayata yana cikin ɓaraguzan da aka kwashe ba.

Dutsen hawa-hawa yake, kuma kowa ya san matsayinsa. Can gindi, inda mota ke iya tsayawa, tsofaffin zuwa ne, waɗanda kakanninsu suka kama wuri tun ba a rububi. Su ke da shaguna da tukubar tsire. Tsakiya, wajen babban tankin ruwa, mu ne, waɗanda iyayenmu suka daɗe a Sudan kafin su tsallako, har matanmu suka koyi dafa gahawa da citta. Can ƙoli kuwa sababbin zuwa ne ta Cadi, ɗakunan kwano da katako, inda ba abin da ke isa da kansa sai rana. Shi ya sa a wajenmu ba a cika cewa yarinya ta auri wane ba, sai dai a ce ta sauka ko ta hau. Wadda ta sauka a yi mata barka, ta huta da dakon tukunyar gas. Wadda ta hau kuwa a ce Allah ya ba ta ƙafa.

Yaya hawa ta yi, kuma da son ranta. Wani mai gyaran fanka da firji ne daga can ƙoli, dogo, mara surutu, wanda ya zo gyara mana fanka sau ɗaya, daga nan fankar ta riƙa lalacewa duk mako ba gaira ba dalili. Mahaifinmu ya riga ya rasu, don haka ƙaninsa, Baffa, shi ya ba da ita. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a kan matakalar ƙofarmu, maza suka zauna wani sama da wani, malam ya yi huɗuba, aka raba dabino da goro. Mu mata muna ciki, kunnuwanmu a jikin ƙofa. Ba takarda, ba biro. Wa zai rubuta, ya kai wa wa? Rabin waɗanda ke kan tabarmin su kansu ba su da takardar da ta ce suna duniya.

Kuma ba a taɓa buƙatarta ba, domin dutsen ne ke riƙe da lissafi. In gardama ta tashi kan wani aure, ko gado, ko wa ya sha nonon wa, sai a ce ai an ɗaura shi a ƙofar da ke ƙasan tanki, shekarar da ruwan sama ya tafi da matakalar masu burodi. Nan take wani tsoho zai ɗaga kai ya ce ƙwarai, yana wajen, har takalminsa ya ɓata. Ɗakin kowace amarya ma shaida ne, don a jikin na surukanta ake liƙa shi, kana tafe kana karanta wa ya auri wa daga yadda gini ya hau kan gini. Haka Yaya ta zauna da mijinta har furfura ta kama su duka biyu, ta haifi maza, sannan ta rufe da mace. Ba wanda ya taɓa ce mata ina shaidarki.

Da aka watsa mu, ni da ita muka sami gida ɗaya a unguwar Shisha, hawa na biyu, ruwa a famfo. Mijinta bai ji daɗin wurin ba. Kullum yana tsaye a taga kamar mai jiran wani, kuma ba a jima ba ya kwanta, ya rasu. Yaya ta yi takabarta, ta fita, muna cewa yanzu sai hutu. Sai ga mai neman auren autarta.

Yaron ba shi da laifi. Bahaushe ne na asali, amma haifaffen nan, mai takardar ƙasa, yana aiki a shagon wayoyi. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba, amma in ya shigo yakan durƙusa har ƙasa. Uwarsa ce ta zo da maganar. Mace ce mai zobba a kowane yatsa, wadda na sani tun tana tallan gyaɗa a gindin dutse, ko da yake yanzu in an ambaci Nakkasa sai ta yi kamar ana zancen wata ƙasa. Ta sha shayinta, ta yabi yarinya, sannan ta ajiye kofi.

"Mu fa ba mu ce komai ba, ya ukti, 'yar'uwata," ta ce wa Yaya. "Amma ɗana ma'aikaci ne, aurensa sai da waraga. Ku kawo ta uban yarinya, halas, shi ke nan, a sa rana."

Waraga takarda ke nan. Autar Yaya tana da takardar asibiti, amma sunan uwa kaɗai ne a jiki, domin ranar da aka haife ta an nemi takardar aure ba a samu ba. Kafin a rubuta nata auren sai an tabbatar ɗiyar wa ce, kafin a tabbatar da wannan kuma sai an tabbatar uwarta ta taɓa aure. Matar da ta wanke wa mutum kaya har ya mutu, ta zauna masa takaba, ita za a ce ta kawo hujja. Muka je wajen wani mai rubuta wa mutane takardun ƙara a kusa da kotu. Na ce masa ni ina nan aka yi, da kunnena na ji. Ya tambaye ni ina zaune a ina, na ce bayan ƙofa. Ya ce to in nemo maza biyu da suka zauna a kan tabarma.

Nan muka fara bin mutanen dutse ɗaya bayan ɗaya, kuma nan na fara gane abin da aka rushe. Malam ya daɗe a kabari. Wannan an kama shi an mayar da shi ƙasar kakanninsa, wancan ya koma Jidda ba wanda ya san lungunsa, wani kuma yana nan amma ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Da ƙyar muka samo wani tsoho da ya yi shekaru yana sayar da ƙanƙara a tsakiyar dutse, yana zaune wajen 'yarsa. Ya gane Yaya, ya yi mata gaisuwar mijinta, ya ce tabbas ya zauna a ɗaurin aure da yawa a wajen tanki. Amma 'yan matan layin namu da yawa ne, ya ce, kuma shi ba zai rantse a kan abin da ya cakuɗe masa ba.

"Ku kai ni wajen, 'ya'yana," ya ce. "In na tsaya a ƙofar, na dubi tanki, zan tuna wa ke damana wa ke haguna."

Muka ɗauki tasi muka kai shi. An shafe wurin tas, har dutsen ma an yanke masa kafaɗa, ba abin da ya rage sai fili da tarin tsakuwa da wata katifa da ta ruɓe a rana. Tsohon ya fito da sandarsa, ya juya gabas, ya juya yamma. Ya taka kaɗan ya tsaya. Ni da na hau dutsen nan fiye da yadda zan iya ƙirgawa, na kasa nuna masa inda ƙofarmu take. Ya daɗe yana dube-dube kafin ya tambaye ni a hankali ina aka kai tankin. A hanyar komawa ya ce abu ɗaya ya tabbata, duk 'yar gidanmu da aka aurar Baffa ne ya ba da ita. In Baffa ya tsaya ya faɗi rana da wuri, shi zai tsaya a bayansa.

Kafin mu je wa Baffa aikin Hajji ya shigo, kowa ya kama neman abinci. Ni ina dafa wa alhazan gida tuwo a wani bene da suke sauka a nan Shisha. A cikinsu akwai wata Baturiya da ta musulunta, matar wani likita Bakano, tana jin Hausa tsinto-tsinto. Ranar da suka dawo daga Muzdalifa, duk sun yi buɗu-buɗu, ta shigo kicin ta zauna a kan buhun shinkafa tana kallon yadda nake tuƙi. Ni kuma bakina ba ya riƙe abu, na zazzage mata labarin Yaya kaf. Sai ta ciro wayarta.

Ta nuna mini garin kakanninta a wata ƙasa da ta kira Wales. Gari ma na ce, ai duwatsu ne kore shar, da hazo, da tumaki ko'ina, sai gidaje ɗai-ɗai nesa da juna da wani ɗan cocin dutse. Mutanen wurin duka ba su kai na lungu ɗaya a Nakkasa ba. Sai ta matsa ta nuna mini hoton wani tsohon rubutu, ta ce auren kakan kakanta ne. Ga sunan ango da gonar da ya fito, ga na amarya da tata gonar, ga shaidu. Angon bai ma iya rubutu ba, wata alama kawai ya zana, amma ga ta nan har yau, kuma jikar jikarsa tana zaune a Makka tana nuna wa mai tuwo. Ta ce akwai na gabansu da na bayansu, duk wanda ya so zai duba.

Na san don ta kwantar mini da hankali ta nuna, amma ji na yi kamar in jefa wayar cikin tukunya. Ba ita ta ba ni haushi ba. Makiyayan tumaki a bayan duniya, waɗanda suka mutu tun ba a haifi kakata ba, an san wa ya auri wa. Mu kuwa da muke alfaharin muna kwana muna tashi kusa da Ɗakin Allah, masu malamai a kowane lungu, masu hardar littattafai, aure guda na matar da ke raye tana numfashi mun kasa riƙewa. Ranar tuwon ya yi gudaji, kuma ban ba kowa haƙuri ba.

Bayan alhazai sun watse muka shirya muka tafi gidan Baffa. Bari in faɗi wani abu game da shi. Tun da daɗewa, lokacin da irin wannan ke yiwuwa, wani dattijo mai takardar ƙasa ya shigar da shi cikin iyalinsa a matsayin ɗansa. Don abin ya yi daidai sai da aka zabge masa shekaru masu yawa. Kowa a dutse ya sani, ba wanda ya ga laifinsa, har barka aka yi masa. Tun daga nan takardar nan ta hana shi tsufa. Sa'anninsa duk sun ajiye aiki, shi yana nan yana gadi, yana rina gemu baƙi ƙirin, yana miƙe baya a gaban mutane, in ya shiga ɗaki kuma jikoki su danna masa ƙugu.

Ya tarbe mu da fara'a, gida sai ƙamshin turaren wuta, sanyi kamar cikin firji. Amma bai kai mu falo ba, don surukinsa yana ciki. Ta wani ɗan ɗaki kusa da kicin ya bi da mu, inda suke ajiye barguna. Yaya ta zauna a ƙasa, ta gaishe shi yadda ake gai da uba.

"Baffa, maganar autata ce ta kawo ni."

"Rage murya, ya binti, 'yata," ya ce, yana duban ƙofa. "A gidan nan ki ce Alhaji."

Ta ce Alhaji. Na ji abin har cikin haƙorina. Ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ta ce ba ta neman komai nasa sai ya tsaya gaban alƙali ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Ya saurara yana shafa gemun nan nasa, har na ga baƙin ya ɗan taɓa masa yatsa.

"Wallahi ina tune, kamar jiya," ya ce. "Ni na ba da ke, ni na karɓi sadakinki. Amma dubi waragata. A waraga, shekarar da aka ɗaura aurenki ko salla ba ta wajaba a kaina ba. Kuma a waraga ni ba ɗan'uwan ubanku ba ne. In na ce wa alƙali ni na ba da ke, ya ce da wane gemu, me zan ce masa?"

"Da gemun da ka ci kan ragon bikin da shi," na ce.

Yaya ta mintsine ni. Shi kuwa bai ko dube ni ba, ita ya ci gaba da yi wa magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kina so a buɗe fayil ɗina? A kwashe 'ya'yana da jikokina saboda waraga ɗaya? Haram alaiki, ki ji tsoron Allah. Allah ya san aurenki, ya binti, ai ya isa."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya yake yi ba. Da ƙarya ce da na zage shi na huce. Gaskiya ce yake faɗa, kuma ƙazamar gaskiya ce, irin wadda muka taru muka gina da hannunmu muna yi wa juna barka. Da muka miƙe ya sa aka ɗauko mana kwalin dabino da kwalbar turare, ya rako mu har bakin ƙofar baya. A nan ya ce in an sa rana kada a manta a faɗa masa, domin shi ne babba a dangi. Na bar kwalin a kan matakalarsu, Yaya ta koma ta ɗauko, ta ce dabino bai yi mana komai ba.

Muka koma wa tsohon mai ƙanƙara, ya ce shi kaɗai ba zai iya ba, kuma ko ya iya mutum ɗaya bai isa ba. Ban ji haushinsa ba. Magana ta tsaya cak. Yarinya ta rame, ta daina cin abinci sosai, tana ta goge-gogen da ba a sa ta ba. Sai uwar yaron ta sake dawowa da zobbanta, wannan karon da sassauci a baki.

"Halas, kada yara su wahala," ta ce. "A yi na malam, a gida, shiru-shiru. Waraga ta biyo baya in Allah ya kawo sauƙi."

Na san ma'anar wannan sauƙin, ita ma ta sani. Ɗanta zai zauna a takarda ba shi da mata, duk ranar da ya ga dama ya shafa wa idonsa toka ba mai riƙe rigarsa. Na ce wa Yaya kada ta yarda, gara yarinya ta zauna. Na faɗa da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Yaya kuwa 'yarta ta kira ta zaunar a gabanta, ta tambaye ta abin da take so.

"Umma, ai ke ma haka aka yi naki," yarinyar ta ce, kanta a ƙasa. "Kuma Abba bai taɓa cutar ki ba."

"Ni lokacin ina da dutse," Yaya ta ce. "Ke wa gare ki?"

Yarinyar ta yi kuka, ta ce ta yarda da shi, ta ce ta gaji. Yaya ta dube ta, ta ce to Allah ya sa alheri. Ni na shiga ɗaki na rufe ƙofa, kwana biyu ban yi wa kowa magana ba, amma da ranar ɗaurin auren ta zo, ni na tashi na ɗora tukunya, don ba zan bari a ce 'yar Yaya ta yi aure da abincin kanti ba.

A falonmu aka ɗaura, bayan la'asar, tagogi a rufe, labule a sake. Maza ba su fi cikin tabarma biyu ba. Babban wan yarinyar ne waliyyi. Ni ban aika wa Baffa ba, amma dangin ango sun aika, suka ce ba a yin irin wannan ba babba. Ya zo da farar riga da ƙamshinsa, gemu ya sha sabon rini, aka ba shi wuri kusa da malam. Ni da Yaya muna kicin, tsakaninmu da su ƙofa ce kawai, muna jin komai. Malam ya yi huɗuba, aka nema, aka bayar, aka karɓa. Sai ya tambaya ko jama'a sun shaida.

Muryar Baffa ce ta riga ta kowa, garau, har da gyaran murya.

"Mun shaida!"

Na dafa bakin tukunya. Na dubi Yaya ina jiran ta buɗe ƙofar nan ta ce a sake shaida, ko ta yi ihu, ko ma ta zauna ta yi kuka. Tana tsaye da ludayi a hannu, idonta a kan shinkafa.

"Haka ya faɗa a nawa," ta ce.

Sannan ta jawo babban faranti ta cika shi, ta zaɓo tsoka mai kyau ta ɗora a kai, domin shi ne babba. Ta miƙo mini in kai bakin ƙofa. Na ce wallahi sai dai ya kwana a nan, ta ɗauka ta kai da kanta.